Falmaran Mai Kunne Goma Sha Biyu

Idan akwai abin da Injiniya ya fi iyawa a kan gyaran waya, to surutu ne. Ba kuma wata makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a allon shagonsa da jan fenti, mutanen layi suka ga ba su da asara suka bi shi da shi. Mutum ne wanda in ka ce masa ina kwana, to ka nemi wurin zama. Ka kawo masa waya mai fasasshen gilashi, kafin ya taɓa ta sai ya ba ka labarin yadda ya taɓa gyara rediyon jirgin ruwa daga zaune, bai ko ga jirgin ba.

Surukinsa kuwa, Baba, mahaifin matarsa, ba ruwansa da yawan magana. Shekara talatin da biyar ya yi a kamfanin buga kwanon rufi, ƙarar injina ta cinye masa kunne. Ba wai ba ya ji sam ba ne. In wuri ya yi tsit kuma ka matso kusa, yana jin ka sarai. Amma da zarar fanka ta juya ko babur ya wuce, shi ke nan, sai dai ya bi bakinka da kallo yana murmushi yana gyaɗa kai.

To, sai ga shi an zaɓi Auta, 'yar Injiniya ta ƙarshe, ta yi jawabi a madadin ɗalibai ranar da za a yaye su daga makaranta. Baba ne ya riƙa kai ta a bayan kekensa tun tana aji ɗaya. Da ya ji labari sai idonsa ya ciko. Ya ce, "Ni dai in ji ta da kunnena, ko da shi ne jin ƙarshe da zan yi." Bai san ma jawabin a kansa ta rubuta shi ba, uwarta kaɗai ta gaya wa.

Uwar, tela ce mai zafin nama, nan da nan ta samo masa ranar ganin likitan kunne, kwana biyu kafin taron. Kuskurenta ɗaya, ta faɗa a gaban mijinta.

"Likita?" in ji Injiniya, ya ajiye cokali. "Ina numfashi a doron ƙasa a kai Baba a liƙa masa ɗan ƙwaro a kunne? Makirufo nawa ne a cikin abin nasu? Ɗaya tal! Ke, saurara ki ƙaru. Kunne biyu Allah ya ba mutum don ya san ta inda magana take zuwa. To ni goma sha biyu zan ba Baba, a jere a jikin riga. In magana ta taso daga gaba, na gaba su riga na baya ji, na'ura ta lissafa, ta tsince maganar ta watsar da hayaniyar, kamar yadda kike tsince shinkafa."

Da yamma tana girki ta sake tada maganar. "Maigida, a bari dai ya ga likitan, sai a haɗa da naka."

"Ai na riga na kira su ɗazu na soke."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Ka soke?"

"Sun ce in ana so sai wata mai zuwa. Na ce ba a so."

Wata mai zuwa kuwa an daɗe da watsewa daga taro. Ta dube shi, ta dubi mahaifinta da ke gefe yana ta murmushi bai san wainar da ake toyawa ba, ta ce, "Wallahi in tsohon nan bai ji yarinyar nan ba, ni da kai ne."

Haka ta zauna a kan keken ɗinki, baki a tunzure, ta ɗinka wa wata tsohuwar falmaran ƙananan aljifai goma sha biyu: huɗu a ƙirji, biyu a kowace kafaɗa, uku a baya, ɗaya a kan cibiya don Injiniya ya ce a nan daidaiton yake. A 'yan kwanakin nan ne kuma wayoyi suka fara mutuwa a shagonsa kamar an yi annoba. Duk wanda ya kawo tasa sai ya ji, "Kash, wannan ta yi nisa, bar ta dai in gani." Rediyon Mai Niƙa, matar da injinta ke manne da shagon, ita ma ta bi sahu.

Ranar gwajin farko ya fito tsakiyar layi sanye da falmaran, wayoyi na reto ta ko'ina, abin saurare a kunne. Mai Faci, abokin gardamarsa na tsallaken titi, ya ajiye taya ya miƙe.

"Injiniya, lafiya? Sandar lantarki ce ta faɗo maka?"

"Jahilci ciwo ne. Koma can bakin kwalbati ka yi raɗa, zan maimaita maka abin da ka ce."

Ya danna maɓalli. Abin ya saki wata ƙara, ƙiiiii, mai shiga har cikin haƙori. Karnukan layi suka ɗauka, jaririn gidan sama ya tsanyare, wani mai keke ya saki hannu ya toshe kunne ya zarce cikin tayoyin Mai Faci. Injiniya kansa ya wuni yana jin ƙararrawa a ka.

"Me na ce?" in ji Mai Faci.

"Ba a kai nan ba tukuna. Wannan gaisuwa ce na'urar ta yi."

Gwaji na biyu ya ce ƙarfin wuta ne bai isa ba, ya cusa ƙaton batir a aljihun wando. Yana tsaka da yi wa jama'a bayani Mai Niƙa ta ce, "Wa ke ƙona shara?" Kowa ya waiga, ba shara. Hayaƙi ne ke fita daga cinyar Injiniya. Ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, ya faɗa zaune cikin bahon da Mai Faci ke duba hujin taya. Ruwa ya ce cuuu.

"Ka ga huji?" in ji Mai Faci. "In babu, tashi, ina da aiki."

Gwaji na uku babu ƙara, babu hayaƙi. Ya haɗa da 'yar lasifika don kowa ya shaida. Aka yi shiru ana jira. Sai ga wani gurnani, ƙululu, ƙululu, kamar ana juye randa. Makirufon kan cibiya ne ya danne sauran goma sha ɗaya, yana ba wa duniya labarin abin da Injiniya ya karya da shi.

Mai Niƙa ta dafe bango don dariya. "Kai, wannan ya fi injina aiki!"

Da wani mai kunya ne, da nan ya tsaya. Injiniya kuwa cewa ya yi saura ƙwaƙwalwa kawai. Ya yi odar wani ɗan allon na'ura mai girman akwatin ashana, ya iso ana gobe taro. Kuma a faɗi gaskiya, abin kirki ne. Takardar da ta zo da shi magana ɗaya ta yi ƙarara: wanda ake so a ji muryarsa ya yi magana minti uku a gaban na'ura, shi kaɗai, kowa ya yi shiru. Daga nan za ta riƙe wannan muryar, ta bi ta duk inda take, ta share duk wani sauti da ba ita ba.

Ya liƙa allon, ya sa wa Baba falmaran a tsakar gida, ya tsayar da Auta a gabansa. Ya danna, jar fitila ta kama.

Auta ta gyara tsayuwa. "Shugabar makaranta, malamai, iyaye..."

"Dakata. Ɗaga haɓa. Murya daga ciki take fitowa, ba daga hanci ba. Ni ranar da na yi jawabi a taron masu gyara, mutum ɗari huɗu, ba lasifika, na bayan ƙarshe har kuka ya yi."

"Abba, fitilar tana ci."

"Bar ta ta ci, aikinta ke nan. Ji yadda ake yi: Shugabar makaranta! Kin ji yadda na ja ta? Sai ki tsaya, ki dubi hagu, ki dubi dama. Malamai! Iyaye! Kuma kada ki riƙe takarda kamar mai tallan jarida..."

Yana cikin nuna mata yadda ake riƙe takarda fitilar ta koma koriya.

"Kin gani? Ta haddace ki."

Matarsa ta leƙo daga kan keken ɗinki. "Ni dai kalma huɗu na ƙirga ta faɗa."

"Ai na'ura ba irin kanku gare ta ba. Huɗu sun ishe ta."

Ya ja Baba har bakin injin niƙa, injin na ta ɓarin ƙara, ya saƙala masa abin saurare, ya koma taku goma ya ce a hankali, "Baba, kuna ji na?"

Tsoho ya zabura ya dafe ƙirji. "Tar! Kamar a cikin kaina kake zaune!"

Layi ya ɗauki sowa. Mai Faci ma sai da ya cire hula. Auta ta matso da murna ta ce, "Kaka, ni fa, kana..." amma uban ya riga ya kashe. "Kada ki ƙarar da batir. Gobe kya yi mai dalili."

Washegari da hantsi ɗakin taron makaranta ya cika maƙil. Fankoki na kaɗawa, kujerun ƙarfe na ƙara, jarirai na kuka, ga janareta a bayan taga tana ruri, Mai Faci aka ɗauko ya kula da ita. Baba na layin gaba cikin falmaran a kan sabuwar rigarsa, ya zauna ƙyam ko motsi ba ya yi don kada waya ta tsinke. Shugabar makaranta ta yi jawabi har mutane suka fara hamma. Tana gamawa, ana kiran Auta, makirufon makaranta ya yi ƙyat ƙyat ya mutu.

Abin nema ya samu. Kafin mai lasifika ya gama bubbuga shi, Injiniya ya dira a gabansa da wayar jona falmaran a hannu.

"Cire wannan tarkacen. Jona nan, jikin rigar surukina. Yau ba shi kaɗai ba, kowa zai sha magana tatacciya."

Mai lasifika ya dubi shugaba, shugaba ta dubi agogo ta ce a jona. Aka jona. Injiniya ya ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe, ya ce bari ya zagaya ya sa a ƙara wa janareta wuta. Ya fita ya zagaya bayan taga. A can ƙara ta kai mutum ba ya jin tarin kansa.

Mai Faci ya kwatsa masa a kunne, "Yaya abin naka?"

Wayyo, da ya sani da bai tambaya ba.

A ciki Auta ta hau dandamali, ta dubi kakanta, ta buɗe baki. Leɓɓanta na motsi, lasifika shiru. Na'ura ta share fanka, ta share janareta, ta share jarirai, ta share Auta ma, don a wurinta yarinyar hayaniya ce. Ta laluba ta laluba, ta tsallaka taga, ta cafko muryar da ta haddace. Sai ga ta daga manyan lasifiku huɗu, garau, ko ƙura babu:

"Yaya abin nawa? Ai yanzu haka suna can baki buɗe! Ita kanta shugabar sai da ta roƙe ni, har da ɗan rusunawa. Ka ji jawabinta kuwa? Na aske gemu da safe, kafin ta gama ya sake tsirowa!"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya. Shugaba ta cire tabarau a hankali. Mai lasifika ya kai hannu zai zare waya, Baba ya dafe hannunsa.

"Bar shi, ɗana. Shekara goma rabon da in ji magana tar haka a cikin taro."

"A bar shi," in ji shugaba, ta harɗe hannu. "Ni ma ina so in ƙaru."

Muryar Mai Faci ba ta fitowa, na'ura ta share shi, don haka sai ɗan shiru, sannan Injiniya ya ci gaba da amsa tambayar da ba wanda ya ji.

"Saya? Wa zai sayi makirufo ga wayoyin mutane jibge a shago? Ka ce wa mutum wayarsa ta yi nisa, shi ke nan, ya tafi yana salati. Na kafaɗar dama na wayar mai lasifikar nan ne. Na cibiya na direban motar makaranta. Rediyon Mai Niƙa kuwa lafiyarta lau, wayoyin cikinta na kwashe, jiya ma har godiya ta yi mini wai na yi ƙoƙari!"

Mai Niƙa, da ta zo ganin yaye ɗanta, ta miƙe tsaye ta ɗaure gyale a ƙugu. Nan da can iyaye suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na tuna ranar da aka yi masa ta'aziyyar wayarsa. Matar Injiniya ta rufe fuska da mayafi tana addu'ar ƙasa ta tsage.

"Matata? Ai ba ta gane komai a harkar wuta. Ka tuna dutsen gugarta da ya ƙone? Ni na buɗe shi in ga cikinsa. Har yau kamfanin lantarki take tsine wa!"

Mayafi ya sauka. Ta miƙe, ta bi ta tsakiyar kujeru, mutane na dare mata hanya.

"Shi ya sa nake son Baba," in ji lasifika. "Daɗin zama gare shi. Ba ya katse ka, ba ya musu. Shekara goma ina zuba masa yana gyaɗa kai, ko rabi bai ji ba. Jawabin yarinyar ma ai kusan ni na..."

Ɗif. Janareta ta mutu.

Injiniya ya waiga ya ga matarsa tsaye, yatsanta a kan makunni. Ya dubi taga. Fuskoki sun fi ɗari a jere suna kallonsa, na gaba shugabar makaranta ce. Mai Faci ya tsallake katanga ba sallama.

"Me... me ya faru? Sun ji yarinyar?"

"Kai suka ji," ta ce. "Tun daga gemu har dutsen guga. Wuce."

Ta riƙo hannun rigarsa ta shigo da shi. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, a karo na farko a rayuwarsa bai sami ko kalma ɗaya a ciki ba. Fankoki sun tsaya, janareta ta yi shiru, jama'a sun yi tsit suna jiran su ga yadda za ta kaya, har jarirai kamar an gaya musu. Auta na tsaye a dandamali, hawaye na bin kumatunta.

Baba ya zare abin saurare daga kunnensa. Ya karkata kai ya saurari ɗakin, sannan ya yafito ta.

"Sauko nan, uwargida. Yanzu wuri ya yi daidai."

Ta sauko ta tsaya dab da shi, ta share fuska, ta fara. Ba makirufo, ba waya. Ta faɗi keken da ke da ƙararrawa marar ƙara, da ranar da ruwa ya kama su ya lulluɓe ta da rigarsa ya tuƙa da singileti. Ta ce, "Mutane suna cewa kakana ba ya ji. Ni kuwa duk abin da na iya faɗa a duniya a bayan kekensa na koya, don yakan tsaya inda ba hayaniya, ya juyo da kunnensa, ya jira har in kai aya. Bai taɓa katse ni ba."

Baba yana kuka yana dariya, yana maimaita ƙarshen kowace magana don a san ya ji. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa. Kunya ta ishe shi, amma wani abu ya fi kunyar ciwo: shekara goma sha bakwai yarinyar nan tana gidansa, yau ya fara sanin haka muryarta take in ta yi magana mai tsawo.

Da aka gama tafi Baba ya tuɓe falmaran ya miƙa masa.

"Ɗana, abinka yana aiki, ba ƙarya. Tar na ji ka. Shekara goma ina gyaɗa maka kai, ina zaton abin kirki kake faɗa."

Falmaran ba ta daɗe a hannunsa ba. Matarsa ta zaro almakashi daga jaka, masu wayoyi suka yi layi, Mai Niƙa a gaba, tana farke aljifai ɗaya bayan ɗaya kowa na karɓar nasa. Direba ya karɓi na cibiya da yatsa biyu. Ta kuma gaya wa mijinta cewa gobe da sassafe shi zai kira asibiti da bakinsa, tun da bakin bai gaji ba.

A hanyar gida ya yi ta tafiya a baya kamar wanda ruwa ya daka. Can ya matso kusa da Auta ya yi gyaran murya.

"Auta, wurin ruwan saman nan... sake faɗa mini. Ban ji farkonsa da kyau ba."

Ta dube shi ta gefen ido. "Da sharaɗi, Abba. Minti uku. Ni kaɗai."

Ya kama bakinsa da hannu, ta fara. Gumi ya keto masa, wuyansa ya kumbura, sau biyu yatsansa na tashi sama yana mayar da shi. Ya kai minti biyu da rabi. Mai Faci, da ya fito daga maɓoya yana biye da su da agogo a hannu, ya rantse tun da yake bai taɓa ganin irinta ba.